Makomar Kasuwar Bandcamp Bayan Sauya Hannu Sau Biyu

Kasuwar waƙoƙi ta intanet mai suna Bandcamp, wadda ta fara aiki a Amurka a 2008, ta yi suna ne saboda sauƙin la'adarta: kashi 15 cikin 100 take karɓa a kan waƙa, kashi 10 kuma a kan faifai da riguna, saura na mawaƙi. Har makaɗan jita na Jamhuriyar Nijar, irin su Mdou Moctar, sun sami masu saye ta wannan hanya.

A watan Maris na 2022 kamfanin wasannin kwamfuta Epic Games ya saye ta. A watan Satumban 2023 ya sanar da sayar da ita ga Songtradr, mai dillancin lasisin waƙoƙi, kuma cikin Oktoba kimanin rabin ma'aikatanta suka rasa aiki.

Kasuwar dai tana nan tana ci. Sai dai jarinta na ainihi shi ne amanar da ke tsakaninta da mawaƙa, kuma wanda ya saye ta da tsabar kuɗi riba zai fara dubawa. Yana da ikon ƙara la'ada ko sake sayar da ita ba tare da ya shawarci kowa ba.

Darasin ya shafi duk ɗan kasuwar da ke baje haja a rumfar wani. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Wajibi ne mai haja ya adana adireshin abokan cinikinsa a hannunsa, ya kuma buɗe wata ƙofar ciniki tun kafin a rufe ta farko.