Mun Je Neman Iyayenmu Mata a Cikin Tsofaffin Takardu

Wannan wata ba za mu taɓo maganar kwata da ruwan famfo ba, ko da yake har yau ba a gyara ko ɗaya ba. Wata tambaya ce aka jefa mana ta hana mu sakat.

Wata ɗiyarmu 'yar Nima da ke karatu a jami'ar Legon ta same mu a ofis. An ba ta aikin rubutu a kan dokar nan ta ƙara wa mata kaso a muƙamai, wadda majalisa ta zartar a 2024, aka ce ta faro daga tushe, wato matan da suka yi gwagwarmaya zamanin Nkrumah. Ta ce, "Baba, na ga matan Ga, na ga na Fante da na Asante. Mu matan zango ina muke a lokacin? Ko muna ɗaka muna tuƙa tuwo?" Muka yi dariya, amma ba ta kai ciki ba, don ba mu da amsa.

Shi ne muka ɗauki ƙafa tare da ita zuwa laburaren George Padmore a nan Ankara, wanda Nkrumah ya buɗe a 1961 don tunawa da amininsa mutumin Tirinidad da ya rasu a 1959. Kwana uku muna juya tsofaffin jaridu da ƙasidu na masu ra'ayin gurguzu da masu rajin 'yancin mata. To, wanda bai taɓa irin wannan nema ba ya sani: ba kamar sayen goro ba ne, ka nuna a damƙa maka. Sai ka bi shafi-shafi. Suna ɗaya ma yakan zo da rubutu biyu, nan Kudjoe, can Cudjoe, alhali mace ɗaya ce. Wata kuma ta ɓuya a bayan sunan aro.

Mabel Dove ke nan. Tun wajen 1931 take rubutu a shafin mata na wata jarida da sunan Marjorie Mensah, tana caccakar maza kan yadda suke riƙon aure, daga baya ta koma Evening News, jaridar da Nkrumah ya kafa a 1948, da sunan Akosua Dzatsui, ta juya alƙalaminta kan Turawan mulki. A 1954 ta ci zaɓe, ita ce mace ta farko da aka zaɓa majalisar Gwalkwas. Ba duk abin da ta faɗa game da aure za mu yarda da shi ba, mu da muke da namu tsari, amma wallahi wasu wurare sai ka rantse jiya ta leƙa unguwarmu.

Hannah Kudjoe kuwa ita ta bi gida-gida tana tara kuɗi sa'ad da aka tsare manyan nan shida a 1948, ta zama ɗaya daga cikin matan da CPP ta ɗora wa aikin yaɗa manufa. Duk da haka sunanta ya kusa ɓacewa, har sai da wata malamar tarihi Ba'amurkiya, Jean Allman, ta yi rubutu a 2009 a kan wannan ɓacewar kanta. Muka ga labarin Dedei Ashikishan, mai fulawa a Makola, wadda ta ba jam'iyya dukiyarta, ga hotonta nan a kwandalar pesewa 50 muna kashewa kullum ba mu kula ba. Muka ga mata goma da aka shigar majalisa a 1960, cikinsu da Susanna Al-Hassan daga Arewa. A shekarar ce kuma aka haɗe ƙungiyoyin mata aka mai da su guda ɗaya a ƙarƙashin jam'iyya. A ganinmu nan aka yi kuskure. Kaza ta shiga akurkin jan zakara, ranar da sojoji suka kifar da gwamnati, 24 ga Fabrairu 1966, tare aka kwashe su.

Amma fa abin da ya kai mu ba mu same shi ba. Ba mu ci karo da sunan mace ɗaya da za mu bugi ƙirji mu ce 'yar zango ce ba. Na maza akwai. Jam'iyyar Musulmi ta MAP, wadda ta yi adawa da CPP, tana cikin takardu, haka Alhaji Amadu Baba na Kumasi da aka kora daga ƙasar a 1957. Zango a rabe yake a zamanin, wasu na bayan jan zakara, wasu ba sa ga-maciji da shi. To, duk waɗannan tarurruka wa ya dafa musu abinci? Wa ya yi guɗa, wa ya ba da sulen da ya samu a cinikin koko?

A Nijeriya sunan Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU ya zauna daram, kuma mahaifinta ma mutumin Gwalkwas ne da aikin jirgin ƙasa ya kai shi can. An sha ɗaure ta, kotu ta rubuta, jarida ta buga. Wadda ta girka tukunya goma don taro, babu magatakardan da ya tambaye ta sunanta.

Da muka dawo, muka biya wajen wata gyatuma a Sabon Zango, Allah ya ƙara mata lafiya. Ta ce, "'Ya'yan nan, kun makara. Innata tana da katin jam'iyya da zane mai hoton Nkrumah. Ran da soja suka hau, da idona na ga ta cusa katin a murhu, zanen kuma ta mai da shi ƙunzugun goyo." Ta ce abin da ya rage a adakar gidansu ya bi 'yan'uwan da aka kora a 1969, zamanin Busia. Ɗiyarmu ta ciro waya ta ɗauki muryarta har kusan magariba, ta samu sunayen mata bakwai da babu su a takardar da muka gani.

Saboda haka ga roƙonmu. Duk mai tsohuwar adaka a gida ya buɗe ta kafin gara ta riga shi. Katin jam'iyya, ko na wace ce, rasit na ƙungiyar 'yan kasuwa, hoton taro, wasiƙar ajami, duk muna so. Ba za mu riƙe wa kowa kayansa ba, hoto za a ɗauka a gabansa a miƙa masa abinsa. Akwai malamai biyu da suka yi alkawarin karanta mana ajamin. Wanda kakarsa ke da rai kuma tana da labari, ya aiko a gaya mana, mu za mu je mu same ta. Muna ofis kowace Asabar ta farkon wata, daga bayan azahar zuwa la'asar sakaliya.