Wasa da Tsofaffin Littattafan Yara

Jama'a, akwai wata al'ada da ta shigo mana nan kwaleji da cikin Jimeta. Samari kan samo hotunan tsofaffin littattafan firamare, irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, su cire maganar da ke ƙarƙashin hoto su sa tasu. Sai ka ga hoton malami tsaye gaban allo, an rubuta wai yana koya wa yara lissafin albashin da bai zo ba. Waɗansu dattawa sun ce wannan cin mutuncin littafi ne. Ni kuwa a ganina a bar su su yi, amma da sharaɗi.

Da fari dai, wa ya ce littattafan dā ba su da dariya mai ɗaci? Ku ɗauko Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934. Alhaji Imam da Malam Zurƙe sun yi ta ƙulla wa juna sharri gari gari, wannan ya sha duka, wancan ya sha ɗauri, mu kuwa muna ta ƙyalƙyala dariya a aji. Magana Jari Ce, da ta fara fitowa a 1937, cike take da ɓarayi da wawaye da mugun waziri. Tun kafin boko ma kakanninmu sun ba mu tatsuniyar Gizo da Kura cikin saniyar sarki, inda kwaɗayi ya ja wa Kura sanduna. Ashe samarin nan gado suka tarar.

A ƙasashen Turai ma haka abin yake. A 1845 wani likitan Jamus, Heinrich Hoffmann, ya buga littafin da ya rubuta wa ɗansa, inda tela ya datse wa yaro manyan yatsu da almakashi don ya ƙi barin tsotsonsu. A Ingila kuma, a 2015, marubuta biyu, Jason Hazeley da Joel Morris, suka ɗebo hotunan littattafan yara na Ladybird, suka sa musu maganganun ba'a a kan aure, da yardar masu littattafan. Mutane suka yi ta saye.

Me ya sa abin ke ba da dariya? Littafin firamare ya nuna mana gari mai tsabta, kowane yaro da benci da alli. Da muka girma muka fita koyon koyarwa, sai muka tarar da aji maƙil da yara, rabi a ƙasa, rufi yana yoyo. Tazarar da ke tsakanin hoton da ajin ita ce abin dariyar. Wanda ya iya nuna ta da layi guda ya san Hausa, ya kuma san halin da makaranta ke ciki. Irin malamin da muke bukata ke nan.

To, ga sharaɗin. Na ɗaya, kowane wasa yana da iyaka. Bafillace da Babarbare suna yi wa juna ba'a a kasuwar Jimeta, amma ba a wurin zaman makoki ba. Ambaliyar Binuwai ta 2012 da ta 2022 sun raba dubban mutane da gidajensu, bam ɗin da ya tashi a Jimeta cikin Nuwamba 2015 ya kashe mutane fiye da 30. Marayun nan suna cikin azuzuwan da za mu koyar. A yi ba'a ga mai cin kuɗin gyaran aji, kada a taɓa wanda ruwa ya ci gidansa.

Na biyu, wannan wasa na manya ne. Yaro ɗan aji biyu bai san habaici ba, abin da ya gani a rubuce shi ne gaskiya wurinsa. Kada kowa ya shiga aji da shi.

Na uku, a karanta littafin kafin a yi wasa da shi. Da yawa cikinmu hoton kawai suka sani. Ku je ɗakin karatu ku nemi Imam, ku ga yadda gwani ke sa dariya, sa'an nan ku gwada naku.

Allah ya sa mu gane, amin.