Nuhu Ribaɗu: Ɗan Sanda a Fagen Siyasa

A ganina, darajar Nuhu Ribaɗu daga aikin ɗan sanda ta fito, siyasa kuwa ba ta ƙara masa komai ba. Lokacin da yake shugabantar hukumar EFCC, daga 2003 zuwa 2007, ya gurfanar da Tafa Balogun, tsohon Sufeto Janar na rundunar da ta rene shi, har kotu ta ɗaure shi a 2005. Wannan aiki ne na mai bin sawun hujja. Amma da ya nemi shugabancin ƙasa a jam'iyyar ACN a 2011, da gwamnan Adamawa a PDP a 2015, jama'a ba su ba shi ba. Wasu za su ce ai tun a EFCC siyasa yake yi, yana farautar abokan hamayyar Obasanjo, shugaban ƙasa na lokacin. Zargin yana da nauyi, sai dai zaɓen wanda za a bincika bai wanke wanda aka samu da laifi ba. Naɗin da Shugaba Tinubu ya yi masa a 2023 na mai ba da shawara kan tsaro ya mayar da shi kan sana'arsa, kuma da halin da Zamfara da Katsina ke ciki ya kamata a auna shi.