Lakwal Guda, Gida Biyu: Abin da Gardamar Ackley Bridge ke Faɗa wa Sae Sabuwa

Daga 2017 zuwa 2022 tashar talabijin ta Channel 4 a Ingila ta nuna wani wasan kwaikwayo mai suna Ackley Bridge, labarin wani gari na lardin Yorkshire inda mahukunta suka haɗe kwaleji biyu, ɗaya ta ƴaƴan Turawa, ɗaya ta ƴaƴan Musulmi ƴan asalin Pakistan. Labarin ba daga sama ya faɗo ba. A 2001 tarzoma ta ɓarke a Oldham da Burnley da Bradford, kuma binciken da Ted Cantle ya jagoranta ya nuna cewa al'ummomin biyu gari ɗaya suke zaune amma rayuwarsu ba ta gamuwa. A 2010 aka yi irin wannan haɗin da gaske a Oldham.

Masu kallo sun rabu. Wasu sun yaba, domin sun ga yarinya Musulma da ƙawarta Baturiya suna faɗa suna shiryawa kamar harshe da haƙori. Wasu sun ce an sake jibga wa gidan Musulmi tsofaffin kaya, uba mai ɓoye-ɓoye da ɗiya mai neman kuɓuta. Wasu kuma sun ga wasan ya taɓa abin da tarbiyya ba ta yarda a fito da shi fili ba. Kowane ɓangare na da hujjarsa, amma ribar tana cikin gardamar kanta, domin ta sa iyaye magana a kan wanda ɗansu ke zama da shi a banci guda.

Mutumin Sae Sabuwa na iya cewa ina ruwan biri da gada, tunda a nan alƙibla ɗaya ce, kasuwa ɗaya, Hausa kuma kowa na ji. Sai dai a ƙasar Gidan Rumji da Agye da Gazawa, yaran gari ɗaya sun kasu tsakanin lakwal da franko-arab da makarantar allo, ɗan makiyayi kuwa sau da yawa yana bayan shanu lokacin da mushe ke kiran suna. Wanda ya ɗauki wannan rabuwa da wasa, ya tuna da Toda. A watan Oktoba na 1991, ana tsakiyar taron ƙasa a Yamai, rikicin manoma da makiyaya a wannan ƙauye na jihar Maraɗi ya ci rayukan mutum sama da 100, akasarinsu mata da yara na Fulani. Maƙwabtan da ba su san juna tun ƙuruciya ba, jita-jita guda ta isa ta mai da su abokan gaba.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun 1964 ta fara koyar da yara ta akwatin talabijin, kafin a buɗe Télé Sahel a 1979. Farin jinin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ta Kano ya kuma tabbatar da cewa jama'a na sha'awar labarin garin da ya tara ƙabilu. Abin da ya rage shi ne Télé Sahel da rediyoyin karkara da matasan fada su tsara wasan da zai shiga ajin kwalejin karkara, ya nuna ɗan manomi da ɗan makiyayi, da yarinyar da ake shirin cirewa a yi mata aure, da mushen kwantaragi mai jiran albashi.

Sharaɗi ɗaya ne, kuma masu sukar Ackley Bridge ne suka koyar da shi: kada a mai da kowa abin dariya. Wasannin Hausa sun daɗe suna fito da Bafullatani a matsayin baƙauye mai karya harshe. Yanzu da dokar 2025 ta ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa, nauyin adalci ya ƙaru a wuyan Bahaushe. A bar yaron ruga ya yi Fillancinsa a cikin wasan, a bar shi ya zo na ɗaya a aji wata rana. In masu kallo sun kaure da gardama a gindin bedi, to wasan ya yi aikinsa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.