Finafinan Mista Moto sun fi bayyana Amurka a kan Japan

Tsakanin 1937 da 1939, kamfanin 20th Century Fox ya fitar da finafinai takwas marasa launi a kan wani mai binciken laifi ɗan Japan, wato Mista Moto. Marubucin Amurka John P. Marquand ne ya ƙirƙiro shi a 1935, Norman Foster kuma ya ba da umarnin shida daga cikin takwas ɗin. Akwai masu ganin a jingine su, tun da wanda ya hau matsayin Moto ba ɗan Japan ba ne. A nawa ra'ayin, ɗalibi ya kalle su, sai dai ya san abin da yake kallo: shaida ce ta yadda Amurka ta ɗauki Japan gab da yaƙi.

Peter Lorre, wanda ya fito a matsayin Moto, Bayahude ne da aka haifa a 1904 a daular Ostiriya da Hangari. Ya yi suna da fim ɗin Jamus mai taken M a 1931, ya bar ƙasar a 1933 da ƴan Nazi suka karɓi mulki. Da tabarau da baƙin gashi aka mayar da shi mutumin gabas. Moto nasa mai ladabi ne, mai sanyin murya, gwanin kokawar judo da ɓad da kama, amma ba ya jinkirin kisa. A fim na farko, Think Fast, Mr. Moto, ya jefa mutum cikin teku daga jirgin ruwa. Wannan haɗin ladabi da haɗari yana nuna sha'awa da tsoron da ƙarfin Japan ya jefa a zukatan Amurkawa.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin Mr. Moto's Gamble na 1938. Asalinsa labarin Charlie Chan ne, mai bincike ɗan asalin Sin wanda Warner Oland, haifaffen Suwidin, yake fitowa a matsayinsa. Da Oland ya kasa ci gaba da aiki, sai aka sauya labarin ya koma na Moto, har aka bar Keye Luke a ciki a matsayin ɗan Chan. Wato a idon kamfanin, ɗan Sin da ɗan Japan riga ɗaya ce, alhali tun 1937 ƙasashen biyu suna gwabza yaƙi. Bayan harin Pearl Harbor na 1941 kuwa, gwamnatin Amurka ta tsare kimanin mutum 120,000 ƴan asalin Japan a sansanoni.

Masu suka suna da gaskiya cewa an tauye ƴan wasan Asiya. Amma jingine finafinan ba zai mayar musu da haƙƙinsu ba, zai dai ɓoye shaidar tauyewar. Kuma adalci ne a faɗa cewa Moto shi ne mafi basira a kowane labari, shi yake warware abin da ya gagari Turawa.

Hanyar da ta fi amfani ita ce kwatance. A kalli Nora Inu na Akira Kurosawa, wanda ya fito a 1949, shi ma marar launi. Toshiro Mifune ne ɗan sanda Murakami, wanda aka sace wa bindiga a motar haya cikin zafin Tokyo. Yana bin sawunta cikin kasuwannin bayan fage, sai ya tarar mai kisa da ita tsohon soja ne kamarsa, wanda talauci ya karkatar. Murakami yana jin kunya, yana gumi, yana kuskure. Moto ba shi da gida ko dangi da za a gani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Don haka, duk mai nazarin fim ya riƙa tambaya uku: wa ya rubuta, wa ya taka rawar, kuma don wa aka shirya? Da waɗannan tambayoyi, finafinan Moto za su koya masa tarihin Amurka, na Kurosawa kuma su nuna masa Japan.