Sharhi: Direban Maraɗi ma yana buƙatar rezo a kan hanya

Direban babbar mota da ya yi lodi a Jiratawa zai nufi Katsina ko Kano, motarsa ce ɗakinsa har ya dawo. A cikinta yake kwana, daga cikinta yake shaida wa mai kaya inda ya kai, ya nemi makaniki idan ta lalace a daji. Duk wannan sai da rezo.

A cikin garin Maraɗi ba a rasa layin Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecom. Wahalar tana somawa ne idan an bar gari, ta kuma ƙaru da zarar an wuce Ɗan Isa an shiga Jibiya. Daga nan ko dai direba ya sayi layin Najeriya, ko kuɗin wayarsa su ƙare nan take.

A watan Nuwamban 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso sun amince su soke ƙarin kuɗin kira tsakaninsu. Mun yaba. Sai dai ɗan kasuwar Maraɗi ya fi zuwa Kano a kan Bamako, nesa ba kusa ba. Starlink kuwa, da ya fara aiki a Nijar a 2025, tsadar na'urarsa ta fi ƙarfin ƙaramin direba.

Don haka muna kira ga hukumar ARCEP ta tilasta wa kamfanoni kafa eriya a kan hanyar Maraɗi zuwa iyaka, ta kuma zauna da takwararta NCC ta Najeriya kan farashin kira da intanet. Saɓanin siyasa bai hana motoci tsallakawa kullum ba.