Sammacin kotu ba parmi ba ne

Duk wanda ya saba bin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, ko ya yi zirga-zirga cikin Yamai, ya san abin da ke biyo bayan busar usur. Direba ya raɓe gefe, a ce ya kawo parmi da katin mota da takardar asiransi. In guda ta ɓace sai lamanda, ko mota ta kwana hannun hukuma. To, ana yawan tambaya game da masu kai sammacin kotu, waɗanda ake kira huissier da Faransanci: shin ɗan sanda na ɗaga musu ƙafa in sun taka dokar hanya?

Doka dai ba ta ba su wannan gata ba. Mai kai sammaci ba alƙali ba ne, ba kuma ɗan sanda ba ne. Ofishinsa na kansa ne, ya yi rantsuwa gaban kotu, kuma wanda ya sa shi aiki shi ke biyan ladansa. Motocin da ake kauce wa a hanya sanannu ne: ta ɗaukar marasa lafiya, ta masu kashe gobara, da ta jami'an tsaro in suna aikin gaggawa. Tasa ba ta cikinsu. Katin aikinsa shaida ce da zai nuna a ƙofar wanda ake bi bashi, ba ta maye gurbin asiransin da ya ƙare.

Amma sabo na ba shi abin da doka ta hana, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Nijar na cikin ƙasashen da suka sa hannu kan yarjejeniyar OHADA a 1993. Dokar karɓar bashi ta wannan ƙungiya, wadda aka zartar a 1998 aka kuma sake wa fasali a 2023, ta wajabta wa hukuma ta taimaka wajen aiwatar da hukuncin kotu. Saboda haka ranar kwashe kaya ko fitar da ɗan haya, sau da yawa da ƴan sanda ko jandarmomi ake tafiya. An sha rana tare, an sha zagi tare. Gobe in aka haɗu a shinge, wa zai ce da wa ya kawo parmi? Ido wa ka raina, in ji Bahaushe.

Wasu za su ce abin bai taka kara ya karya ba, mutumin sauri yake. Gaskiya ne lokaci na matsa masa, tunda waccan doka ta hana aiwatar da hukunci kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 6 na yamma, da ran Lahadi da ranakun hutu, sai da izinin alƙali. Sai dai direban da ya ɗauko albasa daga Galmi shi ma sauri yake, kayansa ma ruɓewa suke, ba mu kuwa ji an yafe masa ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne, alfarma bashi ce. Ɗan sandan da ya kau da kai yau, watakila shi ma ɗan haya ne da ake bi kuɗin wata shida. Ranar da sammacinsa ya faɗo hannun abokin nasa, takarda za ta isa kan lokaci, ko za ta yi barci cikin jaka? Mai gidan da ya biya kuɗin aiki shi zai kwana ciki. Haka nan telan da aka zo ɗauke wa keken ɗinki, in ya taɓa ganin mutanen nan biyu na tafawa a shinge, da wane ido zai dubi hatimin kotu?

Muna kira ga shugabannin masu wannan aiki su rubuta wa ƴaƴan ƙungiyarsu cewa katin aiki ba na nunawa a shinge ba ne. Su kuma manyan ƴan sanda su shaida wa yaransu: mai kai sammaci in ya yi laifi a yanka masa lamanda, a ba shi rasit, ya wuce ya kai takardarsa kafin ƙarfe 6.